Fiyus Mai Faɗowa: Tarihin Alamar da Ke Tsaron Taransifoma, daga Shikago zuwa Showak

Garin Showak yana bakin kogin Atbara a jihar Gadarif ta gabashin Sudan, yankin da zuriyar mahajjatan ƙasar Hausa suka daɗe da zama suna noma da kasuwanci. A can, kamar a Kano, wanda ya ɗaga kai ya dubi falwayar da ke ɗauke da taransifoma zai ga wasu bututu uku a jere, kowanne a karkace, an maƙala shi jikin tangaran. Waɗannan su ne fiyus masu faɗowa. Aikinsu biyu ne: su yanke wuta idan ta wuce kima, sannan su nuna wa mai tsaye a ƙasa cewa sun yanke. Wannan aiki na biyu shi ne ya fi ɗaukar lokaci kafin masana su cim masa, kuma tarihinsa ne za mu bi.

Asalin fiyus

Dabarar fiyus ta girmi wutar gida. Tun a 1847 wani Bafaranshe mai suna Breguet ya ba da shawarar a riƙa saka siririyar waya a tashoshin wayar tangaraho, domin idan aradu ta faɗa wa layi, siririyar ta narke kafin na'urori su ƙone. A 1890 Thomas Edison ya yi rajistar fiyus a cikin tsarinsa na raba wuta a Amurka. Ma'anar dai guda ce: a ajiye wuri mai rauni da gangan, a sadaukar da shi domin a tsirar da abin da ya fi shi tsada.

Da aka fara tura wuta mai ƙarfin dubban bolt, sai aka ga narkewar waya kaɗai ba ta isa. Wutar takan yi tsalle tsakanin guntayen biyu, ta zama harshe mai tsananin zafi, ta ci gaba da gudana a cikin iska. A 1909, bayan wata gobara a tashar Fisk da ke Shikago, injiniyoyi biyu, Edmund Schweitzer da Nicholas Conrad, suka ƙera fiyus a cikin bututun gilashi mai sifirin, cike da ruwan sinadarin da a wancan zamani ake kashe gobara da shi. Idan wayar ta narke, sifirin ya ja ta baya, ruwan ya kashe harshen. A 1911 suka kafa kamfanin da yau ake kira S&C.

Saura matsala guda. Layukan karkara suna da tsawo, fiyus kuwa yana can sama. Idan wuta ta ɗauke, sai ma'aikaci ya bi falwaya bayan falwaya yana neman wanda ya ƙone, kusa da wayar da ke iya kashe shi nan take. A shekarun 1930 kamfanonin Amurka suka fito da maganin wannan: fiyus da jikinsa gaba ɗaya yake faɗowa ya rataya. Samfurin ya bazu a ƙasashen da Ingila ta mulka, har yau ma'aikatan wuta a Nijeriya suna kiransa J&P, daga sunan kamfanin Johnson & Phillips na Landan.

Yadda yake aiki

A cikin bututun akwai waya mai sassa uku: kai mai faɗi a sama, ɗan gajeren sashe na kuza ko azurfa wanda shi ne mai narkewa, da jela ta lallausar waya da ke fitowa ta ƙasa a ɗaure ta. Ɗaurin jelar nan shi ne sirrin na'urar. Ƙasan bututun yana zaune kan wata gaɓa mai lanƙwashewa kamar gwiwa, kuma jan da wayar ke yi shi ne ke riƙe gwiwar a miƙe, ya tokare kan bututun cikin maƙalin sama.

Idan wuta ta wuce kima, sashen kuzar ya narke, harshen wuta ya tashi a cikin bututun. Zafinsa yana ƙona shafen da ke jikin bututun daga ciki, sai iskar gas ta taso da ƙarfi ta feso waje, da ƙara kamar ta bindiga. Wutar Sudan da ta Nijeriya tana juyawa sau 50 a daƙiƙa, wato sau 100 take sauka zuwa sifili. A ɗaya daga cikin waɗannan saukar ne gas ɗin ke hana harshen sake kamawa. A lokaci guda wani ƙaramin sifirin yana fizge jelar waje. Da ɗaurin ya saki, sai gwiwar ta lanƙwashe, bututun ya ɗan sauka ya kuɓuce daga maƙalin sama, nauyinsa ya juya shi ya rataya kai ƙasa. Domin haka ake kafa shi a karkace tun farko.

A lura da jerin: wutar tana mutuwa tukuna, faɗowar ta biyo baya. Faɗowar ita ce sanarwa, kuma ita ce ke buɗe giɓin da ido ke gani tsakanin layi da taransifoma. Gani ya kori ji. Ma'aikaci yakan sauko da bututun da doguwar sanda marar ɗaukar wuta, ya saka sabuwar waya daidai da girman taransifomar, ya mayar. Fiyus ɗin da ke rufe cikin akwati, wanda ba shi da wurin faɗowa, wata dabara aka yi masa: siririyar waya ta biyu tana riƙe da ɗan tsinke mai sifirin, idan babbar ta narke ita ma ta narke, tsinken ya ɓullo waje.

Zuwan wuta gabashin Sudan

Lantarki ya fara a Sudan a 1908 da ƙaramin inji a unguwar Burri ta Khartum. Gabas ta jira tsawon lokaci. An kammala madatsar Khashm el-Girba a kan Atbara a 1964. A 2013 aka buɗe layin da ya haɗa Gadarif da wutar Habasha. A watan Fabrairu 2017 aka ƙaddamar da tagwayen madatsun Rumela a kan Atbara da Burdana a kan Setit, a yankin da Showak yake, masu tashar megawat 320. Daga manyan tashoshi ake rage wutar zuwa bolt 33,000 da 11,000, sannan taransifomar unguwa ta sauko da ita bolt 415 da 240. A wannan mataki na ƙarshe fiyus mai faɗowa yake gadi, a kan famfon ban-ruwa, injin niƙa da firjin magani.

Karatun alama

Alamar tana da karatu. Bututu uku a rataye na nufin an raba taransifomar da layi gaba ɗaya. Guda ɗaya a rataye ya fi haɗari ga dukiya, domin wuta ba ta ɗauke duka ba: wasu gidajen suna da cikakkiya, wasu kuwa ƙwan fitilarsu ya koma ja kamar garwashi, injinan da ke buƙatar layi uku kuma suna iya ƙonewa idan ba a kashe su ba. Bututu uku a tsaye alhali gari na cikin duhu yawanci na nufin matsalar tana can sama da unguwar. Irin wannan duhu ne ya rufe jihohin Gadarif da Kasala a watan Janairu 2025, lokacin da jirage marasa matuƙa suka kai hari tashar wuta ta Showak a yaƙin da ya ɓarke tun Afrilu 2023.

Alamar tana iya yin ƙarya ta hanya biyu. Tsatsa da ƙura na iya daskarar da gwiwar, wayar ta narke amma bututun ya ƙi faɗowa. Mafi muni ita ce al'adar ɗaura jan ƙarfe mai kauri a madadin wayar da aka auna, idan ta yi wuyar samu ko an gaji da sauyawa. Kaurin jan ƙarfen ba ya narkewa kan lokaci, saboda haka bututun yana nan tsaye yana nuna lafiya, taransifomar kuwa tana dahuwa a ciki. An adana kuɗin 'yar waya, an yi asarar na'urar da unguwa za ta iya shafe watanni tana jiran madadinta, balle a ƙasar da yaƙi ya tsinke hanyoyin kawo kaya.

Yau akwai masu liƙa wa bututun ƙyalli domin a gan shi da tocila, akwai kuma na'urorin da ke aika saƙo ofis da zarar ya faɗo. Dukkansu a kan tsohuwar gwiwar nan suka dogara. Abin da ke hannun mutanen unguwa shi ne su duba daga nesa, su faɗa wa ma'aikata bututu nawa ne a rataye, su kashe injina, kada kowa ya kusanci falwayar, domin maƙalin sama yana ɗauke da cikakkiyar wutarsa ko bayan bututun ya faɗo.