Son Ƙungiyar Makaranta: Daga Ina Ya Samo Asali?

'Yan'uwa tsofaffin ɗalibai da malamanmu, wannan so tsohon abu ne. A Kwalejin Katsina, wadda aka buɗe a 1922, ɗalibai sun riƙa yin wasan fayif, wato buga ƙwallo a bango da tafin hannu. Sardauna Ahmadu Bello ya gama can a 1931, amma har ya zama Firimiya a 1954 bai rabu da wasan ba.

Mu ma haka ne. Na zo daga Unguwar Lalle ban san kowa ba. A bakin fili, muna yi wa 'yan wasanmu kirari, na sami 'yan'uwa. Yau ciyawa ta cinye filin. In ba mu gyara shi ba, a ina ƙannenmu za su koyi wannan zumunci?