Dutsen Zagami da Batun Zama a Duniyar Mars: Nazari Kan Rawar Na'ura da ta Ɗan'adam a Binciken Sararin Samaniya

Tsakure

Muhawara kan ko ya dace ɗan'adam ya kafa mazauni a wata duniya ta ƙara zafi tun da kamfanoni masu zaman kansu suka shiga harkar harba kumbo. Wannan maƙala ta tunkari muhawarar daga ƙasar Katsina, inda wani dutse daga duniyar Mars ya faɗo a 1962. An bi diddigin yadda aka gane asalinsa, aka auna shi da abin da na'urori masu sarrafa kansu suka gano a Mars tun daga 1976, sannan aka gwada hujjojin masu son ƙaura da ma'aunan da masana suka riga suka wallafa. Matsayin maƙalar shi ne, hujjar aika na'ura ta tabbata, hujjar kai masana ziyara tana da ƙarfi amma lokacinta bai yi ba, ita kuwa hujjar kafa mazauni har yanzu ba ta da madogara. A ƙarshe an duba irin rabon da Katsina za ta iya samu a wannan fage.

1. Gabatarwa

Ranar 3 ga Oktoba 1962, a Zagami da ke yankin Faskari cikin Lardin Katsina na wancan zamani, wani manomi yana gonarsa ya ji ƙara mai firgitarwa. Dutse ne mai nauyin kimanin kilo 18 ya faɗo kusa da shi, ya nutse cikin ƙasa. Aka haƙo shi aka kai ofishin binciken ma'adinai da ke Kaduna. Babu wanda ya san daga Mars ya zo, a Najeriya ko a wani wuri, domin a lokacin babu kumbon da ya taɓa isa can ya turo bayani.

Duwatsun Mars da aka ga faɗowarsu da ido biyar ne kawai: na Chassigny a Faransa (1815), na Shergotty a Indiya (1865), na Nakhla a Masar (1911), na Zagami, sai na Tissint a Maroko (2011). Wannan kaɗai ya isa ya sa manazarci a birnin Katsina ya ɗauki batun Mars a matsayin nasa. Birnin ma ba baƙo ba ne ga ilimin taurari. Muhammad ibn Muhammad al-Fulani al-Katsinawi, wanda ya yi karatu a Katsina ya rasu a Alƙahira a 1741, ya yi rubuce-rubuce kan hisabi da taurari, har malaman Masar suka san da shi. Tambayar da wannan maƙala ta sa gaba ita ce: me tarihin dutsen Zagami yake nunawa game da hanyar da ilimin wata duniya ke samuwa, kuma ina hakan ya bar masu kiran a ƙaura?

2. Yadda aka gane asalin dutsen

Masana sun daɗe suna lura da cewa Zagami da 'yan'uwansa sun bambanta da sauran duwatsun da ke faɗowa daga sama. Yawancin irin waɗannan duwatsu shekarunsu sun kai biliyan 4.5, wato tun farkon samuwar rana da duniyoyinta. Zagami kuwa dutsen aman wuta ne da ya daskare kimanin shekara miliyan 180 da suka wuce. Ƙaramin dutsen da ke yawo a sarari ba ya iya riƙe zafin da zai yi aman wuta a wannan ƙurarren lokaci. Sai babbar duniya. An yi zargin Mars, amma zargi ba hujja ba ne.

Hujjar ta zo ne daga na'ura. A 1976 kumbunan Viking guda biyu na hukumar NASA ta Amurka suka sauka a Mars, suka auna sinadaran iskarta dalla-dalla. A 1983 Bogard da Johnson suka gano cewa iskar da ta maƙale cikin wani dutse da aka tsinta a Antatika, mai lamba EETA79001, ta yi daidai da ma'aunin Viking. A 1995 Marti da abokan aikinsa suka wallafa a mujallar Science cewa sun sami irin wannan iska a cikin Zagami. Bayanin kuwa shi ne, lokacin da wani babban dutse ya daki Mars kimanin shekara miliyan 3 da suka wuce, ƙarfin dukan ya narkar da wasu ƙananan wurare a jikin dutsen Zagami, suka daskare nan take kamar gilashi, suka kulle ɗigon iskar Mars a ciki. Dukan nan ne ya cilla shi sarari, ya yi ta kewaya rana har ya faɗa gonar Faskari.

Abin lura a nan shi ne, ba ɗaya daga cikin ɓangarorin biyu da zai iya aikin shi kaɗai. Da Viking bai auna iska ba, da Zagami ya ci gaba da zama dutse mai ban mamaki marar asali. Da kuma babu dutsen a hannu, da ba a san shekarun aman wutar Mars da wannan daidaito ba, domin na'urorin da ke ƙididdige shekarun dutse da kyau manya ne, suna buƙatar ɗaki guda da ƙwararrun ma'aikata. Ilimin ya samu ne daga haɗuwar na'ura a can da ɗakin gwaji a nan, ba tare da ƙafar mutum ta taka Mars ba. A 1996 ma aka maƙala ɗan ɓarɓashin Zagami a jikin kumbon Mars Global Surveyor, wanda ya isa Mars a 1997. Kumbon ya daina magana a 2006.

Sai dai dutsen da ya faɗo da kansa yana da naƙasu babba. Bai zo da adireshi ba: ba a iya nuna takamaiman wurin da ya fito a doron Mars da cikakken tabbaci. Haka kuma yawancin duwatsun Mars da ke hannu matasa ne, alhali mafi yawan fuskar Mars tsohuwa ce ƙwarai. Wannan giɓi ne ya sa ake buƙatar na'urar da za ta zaɓi dutse a wurin da aka sani.

3. Abin da na'ura ta iya da abin da ta kasa

Motar bincike ta Opportunity ta sauka a 2004 da shirin aikin kwana 90, ta yi aiki har 2018, ta yi tafiyar kilomita 45. Curiosity, wadda ta sauka a 2012, ta tabbatar da cewa kwarin Gale ya taɓa zama tafki mai ruwan da ƙwayoyin halitta za su iya rayuwa a ciki. Perseverance ta sauka a kwarin Jezero a Fabrairu 2021, ta tara samfuran duwatsu cikin bututu, kuma ɗan jirgin Ingenuity da ta je da shi ya tashi sau 72 a iskar da aka yi shakkar za ta ɗauki jirgi. Fagen ma ya daina zama na Amurka da Rasha kaɗai: Indiya ta isa Mars a 2014, Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa da Sin suka isa a 2021.

Masu goyon bayan aika mutum suna da hujjar da bai kamata a raina ba. Saƙo tsakanin Mars da duniyarmu yana ɗaukar minti 3 zuwa 22 kafin ya isa, don haka ba a tuƙa motar bincike kai-tsaye. Ana tura mata umarnin yini guda ne, a jira sakamako. Crawford (2012) ya kafa hujja da tarihin wata: 'yan sama jannatin Apollo sun dawo da kilo 382 na duwatsu cikin tafiye-tafiye shida, yayin da na'urorin Luna na Tarayyar Sobiyet suka kawo abin da bai kai rabin kilo ba. Masanin duwatsu da ke tsaye a fili yana ganin abin da ba a shirya nema ba, ya sunkuya ya ɗauka. Wannan gaskiya ce, kuma ita ce mafi ƙarfin abin da ke hannun masu wannan ra'ayi.

Amma tazarar tana raguwa. Kumbon Chang'e 5 na Sin ya kawo gram 1,731 daga wata a 2020, Chang'e 6 kuma ya kawo sama da kilo 1.9 daga bayan wata a 2024, inda babu mutumin da ya taɓa sauka. Akwai kuma wani al'amari da ya fi sauri muhimmanci. Babbar tambayar da ake yi wa Mars ita ce ko an taɓa rayuwa a cikinta. Kafin a harba Viking sai da aka gasa su cikin zafi don kashe ƙwayoyin cutar duniyarmu. Ba a iya yi wa mutum haka, shi da ke ɗauke da tiriliyoyin ƙwayoyin halitta a fatarsa da cikinsa. Idan mutane suka sauka kafin a amsa tambayar, duk abin da aka gano daga baya zai zama abin shakka: na Mars ne, ko mu muka kai? A ganina wannan asara ce da ba ta da gyara, kuma ita ce dalilin da ya sa ziyara ta cancanci jira. Yarjejeniyar sararin samaniya ta 1967, wadda Najeriya ke cikinta, ta wajabta wa ƙasashe guje wa gurɓata sauran duniyoyi.

4. Hujjar ƙaura a kan ma'auni

Ziyara daban, zama daban. Elon Musk, mai kamfanin SpaceX, ya sha faɗin burinsa na gina birni mai mutum miliyan ɗaya a Mars, bisa hujjar cewa ɗan'adam na buƙatar mafaka ta biyu. Marigayi Stephen Hawking ya yi irin wannan kira. Martin Rees, masanin taurari na Ingila, ya ɗauki tunanin cewa Mars mafita ce daga matsalolin duniya a matsayin ruɗi mai haɗari. Ma'aunan da na'urori suka turo sun fi goyon bayan Rees.

Nauyin iskar Mars bai kai kashi 1 cikin 100 na tamu ba, kuma kusan kashi 95 cikin 100 nata kabon dayoksaid ne. Matsakaicin sanyinta ya kai digiri 60 ƙasa da sifiri. Kumbon Phoenix ya gano gishirin fakuloret a ƙasarta a 2008, sinadarin da ke hana maƙogwaron mutum sarrafa aidin. Zeitlin da abokan aikinsa (2013), bisa abin da Curiosity ta auna a hanya, sun ƙiyasta cewa zuwa da dawowa kaɗai zai ɗora wa matafiyi kimanin milisibat 660 na haskoki masu ratsa jiki, ban da na zaman can. Ƙarfin jan ƙasa a Mars kashi 38 cikin 100 ne na namu, kuma ba a taɓa gwada ɗaukar ciki ko girman jariri a irin wannan yanayi ba. Mazaunin da ba a tabbatar za a iya haihuwa a cikinsa lafiya ba, sansani ne.

Na'urar MOXIE da ke jikin Perseverance ta yi nasarar tace oksijin daga iskar Mars, amma jimillar abin da ta samar daga 2021 zuwa 2023 gram 122 ne, abin da bai isa mutum ɗaya shaƙar yini guda ba. Gwaji ne mai daraja. Nisan da ke tsakaninsa da ciyar da birni ne abin dubawa. Shirin ɗumama Mars gaba ɗaya kuwa, Jakosky da Edwards (2018) sun lissafa duk kabon dayoksaid da za a iya saki daga ƙanƙararta da ƙasarta, suka nuna bai isa ba da fasahar da ake da ita. Ko a doron ƙasa, gwajin Biosphere 2 a jihar Arizona, inda mutum takwas suka kulle kansu daga 1991 zuwa 1993, sai da oksijin ya sauka zuwa kusan kashi 14 cikin 100, aka shigar da wani daga waje.

Mutumin Katsina yana da ma'auni a kusa. Gonar da hamada ta fi cinyewa a Jibiya ko Mai'aduwa tana da iskar shaƙa kyauta, da damina ko da gajeriya ce, da ƙasar da gero ke tsirowa. Shirin Babbar Ganuwar Itatuwa da Tarayyar Afirka ta amince da shi a 2007 har yanzu yana fama da farfaɗo da irin wannan ƙasa. Wanda ya ga wahalar raya dashe ɗaya ya tsallake rani a can zai fahimci girman da'awar mai cewa zai raya duniyar da ba ta da ko ɗaya daga cikin abubuwan nan uku.

5. Rabon Katsina

Najeriya ta kafa hukumar NASRDA a 1999, ta harba tauraron ɗan'adam NigeriaSat-1 a 2003, kuma a Disamba 2022 ita da Ruwanda suka zama ƙasashen Afirka na farko da suka sa hannu kan yarjejeniyar Artemis ta binciken sararin samaniya. Duk da haka, ba a jihar Katsina ko a Najeriya aka yi manyan gwaje-gwajen da suka fito da darajar Zagami ba. Yankuna masu yawa na dutsen sun shiga gidajen tarihi na ƙetare da hannun dillalai. Abin ya sake faruwa a maƙwabta: dutsen Mars mai lamba NWA 16788, mai nauyin sama da kilo 24, da aka tsinta a jihar Agadas ta Nijar a 2023, an yi gwanjonsa a New York a Yuli 2025 kan sama da dala miliyan 5, har gwamnatin Nijar ta buɗe bincike kan yadda ya fita daga ƙasar.

Wannan ne wurin da ya kamata ƙoƙari ya karkata, domin yana cikin abin da za a iya. Na farko doka ce bayyananniya kan mallakar dutsen da ya faɗo, wadda za ta ba mai gona lada mai kyau don kada ya ɓoye, ta kuma tilasta ajiye wani kaso a cikin ƙasa. Gidan tarihi na ƙasa da ke tsohuwar Kwalejin Katsina wuri ne da ya dace a nemo wa wani yanki na dutsen Zagami don ɗalibai su gani. Na biyu kuwa aikin jami'a ne. Faransa tana da tsarin kyamarori mai suna FRIPON, Ostireliya tana da irinsa a hamadarta. Kyamarorin suna ɗaukar hoton dutse mai faɗowa daga wurare daban-daban, a lissafa inda ya sauka da hanyar da ya biyo a sarari. Da irin wannan tsari aka tsinci dutsen Winchcombe a Ingila a 2021 tun bai gurɓace ba. Arewacin Najeriya ya ga faɗowar dutsen Mayo Belwa a 1974 da na Gujba a 1984, kuma filinsa buɗaɗɗe ne, in ban da watannin hazo. Sashen kimiyyar lissafi da na fiziks a Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa, da haɗin gwiwar Jami'ar Tarayya ta Dutsin-ma da Jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo ta Maraɗi, za su iya kafa tashoshin farko a kan rufin gine-ginensu, tunda tazarar da ke tsakanin garuruwan uku ta dace da abin da lissafin ke buƙata, kuma abin da kowace tasha ke nema bai wuce kyamara, ƙaramar kwamfuta, farantin hasken rana da layin intanet ba.