Ƙunar Fata Mataki na Biyu: Tasirin Agajin Farko a kan Zurfin Rauni

Tsakure

Wannan maƙala ta yi nazarin ƙunar da ke cinye saman fata da wani ɓangare na tsakiyarta. Ta kafa hujjar cewa zurfin irin wannan rauni bai gama tabbata a lokacin da wuta ta taɓa jiki ba, don haka kulawar sa'o'in farko na da babban tasiri a kan makomarsa.

Gabatarwa

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa ƙuna na halaka kimanin mutum 180,000 duk shekara, akasarinsu a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi da matsakaita. Ƙunar mataki na biyu iri biyu ce. Ta sama-sama takan yi ja da danshi da bororo, ga tsananin raɗaɗi, amma takan warke cikin mako biyu zuwa uku, domin tushen gashi da mafitar gumi sun tsira, kuma daga nan sabuwar fata ke tsirowa. Mai zurfi kuwa takan yi fari-fari, raɗaɗinta ya ragu saboda jijiyoyin ji sun lalace. Idan ta haura mako uku, takan bar tabo mai tudu, musamman a baƙar fata, sau da yawa sai an yi dashen fata.

Tattaunawa

A 1953 likitan Ingila Douglas Jackson ya kasa raunin ƙuna gida uku: tsakiya inda nama ya mutu, gefe inda jini ya ƙaru, da tsakaninsu inda gudun jini ya yi rauni. Wannan na ƙarshe yana iya farfaɗowa, yana kuma iya mutuwa cikin kwana biyu zuwa uku, ƙunar ta ƙara nutsewa. Nan ne ruwa ke aiki. Wani bincike da aka wallafa a 2020 kan yara 2,495 a jihar Kwinslan ta Ostareliya ya nuna cewa kwarara ruwa mai sanyi na minti 20 cikin sa'a uku na farko ya rage bukatar dashen fata ƙwarai.

Wasu na ganin ruwa ke haddasa bororo, shi ya sa a gidajenmu ake rugawa ga manja ko ɗanyen ƙwai ko man goge baki. Gaskiyar ita ce bororo ruwan jiki ne da ya tsiyayo daga ƙananan hanyoyin jini da zafi ya lalata, waɗannan abubuwa kuwa ba sa fitar da zafin, suna shigar da ƙwayoyin cuta, suna kuma hana likita tantance zurfin raunin. Masu kafa hujja da zuma suna da madogara, domin nazarin Cochrane na 2015 ya gano tana gaggauta warkewar irin wannan ƙuna. Sai dai matsayinta na bayan sanyayawa ne, kuma tatacciya ake bukata. Fargabar sanyi ya kama jariri ma gaskiya ce, musamman da hunturu. Maganinta a sanyaya raunin kaɗai, a lulluɓe sauran jiki, a kuma guji ƙanƙara, domin tana tsuke hanyoyin jini.

Kammalawa

Ya kamata a koyar da iyaye mata da ma'aikatan lafiya na matakin farko ƙa'idar minti 20, da cire zobe da warwaro kafin kumburi, da rufe rauni da tsabtataccen ƙyalle ba tare da fasa bororo ba. Ƙunar ƙaramin yaro, da ta fuska, hannu, al'aura ko gaɓa, asibiti za a kai ta nan take.