Marowacin Landan da Tubansa

A ranar 19 ga Disamba, 1843, kamfanin Chapman & Hall ya fitar da wani ɗan ƙaramin littafi na Charles Dickens mai suna A Christmas Carol. Kafin jajibirin Kirsimeti an saye kwafi 6,000 na bugun farko kakaf. A ganina, ba za a fahimci wannan karɓuwa ba sai an dubi Ingilar da ta haifi littafin.

Dickens ya san talauci a jikinsa. A 1824 aka tsare mahaifinsa a kurkukun Marshalsea saboda bashi, shi kuwa yana ɗan shekara 12 yana liƙa takardu a kwalaben man goge takalma. Dokar matalauta ta 1834 ta tura mabuƙata gidajen aikin gajiyayyu, inda ake raba miji da mata, uwa da ɗa. A 1843 rahoton majalisa kan aikatau da yara ya tayar masa da hankali, har ya yi niyyar rubuta ƙasidar koke. Daga bisani ya zaɓi labari, ya kammala shi cikin mako shida.

Tauraron labarin, Ebenezer Scrooge, attajiri ne mai hannun jarirai, wanda ke biyan akawunsa Bob Cratchit sule 15 a mako. Da masu neman taimako suka zo masa, gidajen gajiyayyu da kurkuku ya nuna musu. Fatalwar abokin cinikinsa Marley da ruhohi uku suka zagaya da shi jiya da yau da gobe. Abin da ya fi jan hankalina shi ne gidan Cratchit: abinci kaɗan, yara shida, ga Tiny Tim gurgu maras lafiya, amma gidan cike da raha. Mai dukiya ya tsaya yana kallon arzikin da kuɗinsa bai saya masa ba.

Tuban Scrooge ya fito a aikace. Ya aika da ƙaton talotalo gidan akawun, ya ƙara masa albashi, ya kuma amsa gayyatar ɗan 'yar'uwarsa Fred da ya daɗe yana watsi da ita. Ƙarin albashin nan na fi ɗauka da muhimmanci, domin kyautar biki ta yini ɗaya ce, haƙƙin ma'aikaci kuwa na kullum.

Duk da haka, tarihi yana jan kunnenmu. Littafin ya tausasa zukata, amma tsarin gidajen gajiyayyu bai kau a hukumance ba sai 1930. Rayuwar Tiny Tim ta rataya a kan sauyin zuciyar mutum guda, ragowar yaran Landan kuwa sai da suka jira doka. Ina ganin Dickens ya san haka, shi ya sa ya ɓoye yara biyu, Jahilci da Fatara, ƙarƙashin rigar ruhu na biyu, ya bar su a wuyan mai karatu.