Tarihin Por-Buwe, unguwar bakin teku ta Abijan

Da wuya a sami gari a ƙasarmu inda ba wanda ya taɓa zuwa Abijan neman kuɗi. Yau za mu ba ku tarihin wata unguwa ta wannan birni, mai suna Por-Buwe.

Unguwar tana kudu da birnin, bisa wani dogon tudun rairayi. Ta kudu teku ce, ta arewa kuma wani babban tabki ne da ake kira Ebriye. A da, ƙauyukan masunta ne kawai a wurin, da itatuwan kwakwa. An sa mata sunan wani hafsan jiragen ruwa na Faransa, Buwe-Wilome, wanda ya ƙulla yarjejeniya da sarakunan bakin teku wajen 1842.

Me ya kawo Turawa wannan rairayi? Suna son fitar da katako da koko da kofi zuwa ƙasarsu. A 1904 suka fara shimfiɗa hanyar jirgin ƙasa daga Abijan zuwa arewa. Sun sa mata suna Abijan-Nijar, amma ba ta taɓa isowa Nijar ba. Ta kai Wagadugu a 1954. Wahalar ita ce, manyan jiragen ruwa ba su iya shiga tabkin, don tudun rairayi ya tare hanya. Da fari an haƙa mashigi, amma teku ta maido rairayi ta cike shi.

Sai aka sake dabara. A 1931 aka gama wata doguwar gadar ƙarfe da ta shiga cikin teku. Jirgi yakan tsaya nesa, ƙananan jirage su yi ta jigilar kaya tsakaninsa da gadar. Har mutane ma cikin wani babban kwando ake saka su, inji ya ɗaga su ya sauke. Aiki ne mai haɗari, mai bukatar hannu da yawa. Leburori suka zo daga ko'ina, suka kafa bukkoki kusa da gadar. Mafarin unguwar ke nan.

A 1950 aka buɗe sabon mashigi mai suna Biridi, tsawonsa ya kusa kilomita 3. Jirage suka riƙa shiga tabki kai tsaye, aka ƙaddamar da tashar jiragen ruwa ta Abijan a 1951. Gadar ƙarfe ta rasa aiki, amma unguwar ba ta mutu ba. Filin jirgin sama na Abijan yana cikinta. An gina babbar mahauta ta birnin a nan, tare da karar dabbobi. A 1965 matatar mai ta fara aiki a Biridi. Akwai kuma barikin sojan Faransa, wanda aka miƙa wa sojan ƙasar a 2025.

Karar dabbobin nan ita ta jawo mutanen arewa da yawa. A lokacin, shanu da tumaki suna zuwa daga Mali da Burkina da Nijar, musamman gab da babbar salla. Dillalai da mahauta da makiyaya suka zauna kewaye da ita, tare da iyalansu. Masunta daga Gana su ma suka kafa nasu zango a bakin ruwa. A 1980 unguwar ta sami hukumarta ta kanta. Wata mace, Hortans Aka-Angi, ita ta fara riƙe ta, kuma ta shugabance ta har rasuwarta a 2017. A ƙidayar 2021 mutanen Por-Buwe sun haura dubu 600.

Amma fa zaman bai zo da sauƙi ba. Gidajen da hukuma ta gina ba su ishi jama'a ba. Talakawa suka yi gidajen katako da kwano a kan filin da ba su da takardarsa. Yanzu abu biyu ne ke matsa su.

Na farko teku. Duwatsun da aka jera a bakin mashigin Biridi suna tare rairayin da ruwa ke kawowa daga yamma. Saboda haka gaɓar da ke gabas da mashigin ba ta samun sabon rairayi, teku tana cin ta. A watan Agusta na 2011 igiyar ruwa ta rushe gidaje da yawa.

Na biyu katafila. A 2020 hukuma ta rushe gidajen da ke manne da katangar filin jirgin sama. A 2024 kuma aka tashi karar dabbobi daga wurinta, aka rushe gidajen da ke kusa da mahauta. Waɗansu sun yi shekaru masu yawa a wurin, amma ba su da takardar fili.

To, kun ji yadda baƙi da leburori suka raya Por-Buwe da guminsu. Wanda zai je can, ko yake da ɗa a can, ya tuna: kafin ya zuba kuɗinsa a gini, ya tambayi mai filin, ya ga takarda da idonsa. Allah ya tsare matafiyanmu, ya maido su gida lafiya.