Jirgin Da Ya Zura Wa Teku Igiya

Jama'a, yau tarihin wani jirgin ruwa na Ingila zan kawo muku, sunansa Challenger. Asalinsa jirgin yaƙi ne, aka sauke bindigoginsa aka bar biyu kacal, aka mai da gurbinsu ɗakunan bincike. Ya tashi daga Portsmouth ranar 21 ga Disamba 1872, bai koma gida ba sai Mayun 1876. Iska ce ke tura shi da manyan ƙyallaye, injin tururinsa kuwa an fi kunna shi in an tsaya aiki.

Abin da ya fi ɗaure min kai shi ne yadda suka auna zurfin teku. Igiya ce kawai da ƙarfe mai nauyi a bakinta, a yi ta zurawa kamar guga. Mukan ce rijiya gaba dubu in abu ya faye zurfi. To ranar 23 ga Maris 1875, a tekun Fasifik kusa da tsibiran Mariana, sai da igiyarsu ta ci gaba 4,475 kafin ta taɓa ƙasa, wato sama da kilomita takwas!

Sun tsaya wurare 362, sun kwaso halittu fiye da 4,000 da masana ba su san da su ba. Amma fa matuƙan sun ji jiki, wuni guda ana janyo laka. Wajen mutum 60 suka gudu a hanya. Rahoton tafiyar ya cika littafi 50, John Murray ya kammala shi a 1895.