Daga Binet zuwa rikicin 2006: shekara ɗari Faransa tana auna ƙwaƙwalwar yara

A shekarar 1882 Faransa ta tilasta wa kowane yaro daga shekara 6 zuwa 13 neman ilimi. Da azuzuwa suka cika, sai malamai suka lura akwai yaran da kullum ake barinsu a baya. A 1904 ma'aikatar ilimi ta kafa kwamiti kan lamarin, kuma cikinsa akwai masanin halayyar ɗan Adam, Alfred Binet. Bayan shekara guda, shi da likita Théodore Simon suka fitar da gwaji mai matakai 30, daga mai sauƙi zuwa mai wuya, domin gano yaron da ke buƙatar ƙarin kulawa a makaranta.

Binet ya yi gargaɗi cewa sakamakon gwajin yana nuna inda yaro yake a lokacin ne kawai, domin basira tana ƙaruwa da horo. Da gwajin ya ƙetara zuwa Amurka, aka yi watsi da gargaɗin. Henry Goddard ya fassara shi a 1908, Lewis Terman na Jami'ar Stanford ya sabunta shi a 1916, aka mayar da shi ma'aunin ware waɗanda ake wa kallon masu raunin hankali na gado. A 1927 Kotun Ƙolin Amurka ta halatta yi wa irin waɗannan mutane aikin hana haihuwa bisa tilas, kuma fiye da mutum 60,000 aka yi wa a ƙasar.

A 1968 Hukumar Lafiya ta Duniya ta buga ƙa'idoji goma na tantance jama'a, waɗanda James Wilson da Gunnar Jungner suka tsara. Daga cikinsu akwai cewa kafin a shiga neman wata cuta a jikin mutanen da ba su kawo kuka ba, dole ne a sami magani karɓaɓɓe da wurin ba da shi, kuma gwajin ya kasance wanda jama'a suka aminta da shi.

Wannan sharaɗi na ƙarshe ne ya tayar da ƙura a Faransa. A watan Satumban 2005 cibiyar binciken lafiya ta ƙasar, Inserm, ta fitar da rahoto kan matsalar ɗabi'a a yara da matasa, inda ta ba da shawarar a fara lura da alamomi irin su yawan faɗa da taurin kai tun yaro yana da wata 36. Hujjar masu rahoton ita ce wadda kowane mahaifi ya sani: icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Sai dai a daidai lokacin ministan cikin gida, Nicolas Sarkozy, yana shirya dokar rigakafin aikata laifuka, kuma aka sanya batun tantance ƙananan yara a cikin daftarinta.

Likitocin yara, likitocin ƙwaƙwalwa da malamai suka yi caa. A farkon 2006 suka ƙaddamar da takardar koke wadda takenta ke cewa kada a ba ɗan shekara uku sifili a ɗabi'a, kuma kusan mutum 200,000 suka sa hannu. Ƙorafinsu shi ne cewa rigima da ƙiriniya ba baƙon abu ba ne a wannan shekarun, kuma duk yaron da aka rubuta wa shaidar zai iya zama mai laifi, shaidar za ta bi shi makaranta ta sauya yadda ake kallonsa. Gwamnati ta cire sashen kafin a zartar da dokar a Maris na 2007.

Ba a daina tantance yara ba bayan wannan rikici. A 2007 ƙungiyar likitocin yara ta Amurka ta ba da shawarar a duba kowane yaro don gano galahanga a wata 18 da wata 24, saboda tallafin da aka fara da wuri yana taimaka wa magana da mu'amala. Kwamitin tantancewa na Birtaniya kuwa bai amince a yi wa dukkan yara wannan gwaji ba, domin yakan nuna matsala ga masu lafiya, ya kuma tsallake wasu masu ita.

A 1905 sakamakon gwaji na hannun malami ne, kuma abin da ake fata ya biyo baya shi ne ƙarin darasi. A 2006 iyaye da likitoci sun ji tsoron zai ƙare a hannun masu yaƙi da laifi. Saboda haka duk ƙasar da ke shirin tantance ƙananan yaranta, wajibi ne ta fara sanin wanda zai riƙe sakamakon, da kuma taimakon da yaron zai samu bayan an faɗa wa iyayensa.